Ja ga Ja, Baƙi ga Baƙi

Shekara shida a Yelwa ta Garwa,
motata ba ta san asuba ba sai da kafaɗun mutane.
In murɗa makulli, ta yi tari biyu
kamar tsohuwa mai taba-gari,
ta yi shiru.
Sai in leƙa katanga: Njidda, ka tashi?
Ya fito da asuwaki a baki yana ɗaure tazuge,
yaransa biyu a baya, da mai shayin bakin titi,
mu gangara da ita har kwalbati
kafin ta yarda ta yi gurnani.

Ran da ta mutu mini a Ngong,
rana tsaka, kwando tara na karfasar Lagdo a baya,
ƙanƙara na ɗiga a kwalta,
motocin auduga na wucewa ba mai waiwaye,
ƙudaje kaɗai suka zo jaje.
A nan na rantse.

Babbar kasuwa, shagon Abakar.
Ya jera mini huɗu a kanta.
Na farko kwalinsa ya ce zai ta da tirela,
na ɗaga, na ji kamar fankon ashana.
Na biyu da fitila uku da rediyo,
kwalliyar da ba za ta biya kuɗin sabulu ba.
Sai na tuna Hamajoda bakanike:
"Kar ka sayi rubutu, rubutu ba ya ta da inji.
Taɓa waya, in ta kai kaurin ɗan yatsa, ka tsaya.
Buɗe bakin maƙalin, in bai ciji ba, ka wuce.
Kuma a gwada a motarka, mai shago na kallo."

Na uku baƙi ne, mummuna, da nauyin dutsen guga.
Ja ga ja, baƙi ga baƙi,
na murɗa,
ta amsa kamar an kira ta da sunan yanka.
Jaka talatin da biyar na sefa.
Na yi ciniki har yawu ya ƙafe,
Abakar ya rage biyu, ya ce don zumunci.

Asta ta ɗinka masa riga da guntun atamfa.
Ba ya kwana a mota,
zafin Garwa na watan Maris ba ya barin ko roba.
Ƙarƙashin gado yake, kusa da akwatin takardu.
In Sonel ta tuna da mu tsakar dare
shi ake fara ba wuta,
kafin waya, kafin fanka,
mai ciyarwa ma sai ya ci.
Sau ɗaya na manta shi wata biyu.
Ran da na neme shi a Pitowa,
ido ɗaya ja ya buɗe mini, ya rufe.
Ban ƙara ba.

Yanzu ina ƙetare gadar Binuwai
tauraro bai gama kwashe kayansa ba.
Direbobi sun san ni, a tsai da ni a hanya:
Malam Dabo, ara mana cizo ɗaya.
Ba na karɓar ko dala.

Amma mako na uku, bayan la'asar,
na miƙa wa Njidda kifinsa biyu, kamar kullum.
Ya dubi kifin, ya dube ni.
Ya ce, na me?
Ya shige gida, hannu a aljihu.
Abin da Hamajoda bai faɗa mini ba ke nan,
kuma babu shi a kwali.

Saboda haka ran Litinin
akwatin yakan yi barcinsa a ƙarƙashin gado.
In murɗa makulli rabi, in saki,
in leƙa katanga.
Ya san batir lafiya lau.
Ya fito da asuwakinsa, ya dafa bayanta,
yana tura yana mita:
kai dai, yaushe za ka sayi motar kirki?