Mai Ƙirgen Itatuwa

Sun ba ni riga mai ƙyalli da alƙalami biyu,
suka ce: Tibeijuka, kai ɗan gari ne, kai za a buɗe wa ƙofa.
Aka kuwa buɗe mini,
daga tudun Kyamugenzi har gangaren da ke kallon tafki,
ina ƙirga abin da ba ni na shuka ba.

Ayaba talatin da ɗaya. Kofi sittin. Gwanda huɗu, ɗaya ta karye.

Turaku masu jan kai sun ratsa gonar Nyakato,
miƙe sak, kamar sawun wuƙa a jikin kabewa.
Nan, in ji su, bututu zai kwanta,
ya sha mai daga ƙasan Hoima ya amayar a bakin teku,
tekun da a garin nan ba wanda ya taɓa jin ƙanshinsa.

Ta tsaya gindin mangwaronta ta ce: Nawa ne kuɗin inuwa?
Na duba takarda sama da ƙasa.
Akwai gurbin kauri, akwai na shekaru,
akwai mai 'ya'ya, akwai marar 'ya'ya.
Ba gurbin inuwa.
Ta ce: Sa shi a mai 'ya'ya, ya fi ni haihuwa.

Bayan ɗaki, kabarin mijinta.
Na rubuta: guda ɗaya, na ƙasa, ba siminti.
Wanda ba siminti kuɗinsa bai kai ba.
Mutumin da ya koya mini ɗaure ƙugiya ke nan,
har a kwance talauci bai sake shi ba.
Ta dangwala yatsa. Shuɗin ya kwana uku bai fita ba.

Sai aka yi shela: daga yau kada a shuka abin da zai daɗe.
Wake, to. Masara, to.
Rogo a'a, ayaba a'a, ko ɗakin girki kada a ɗora.
Kuɗi na nan tafe.

Damina shida ke nan kuɗi na nan tafe.

Byenkya ya ci bashin babur da sunan diyya,
mai bashi ya zo da yara biyu ya tura abinsa.
Kemigisa ta ninke rigar makaranta,
tana bakin ruwa tana juya kifi a hayaƙi.
Kwanon garin rogo, da a da kyauta ake yi wa baƙo,
yau sai an kwance bakin zane.
Wasu daga Kampala sun sayi fili gefen layi, sun kewaye da waya,
akuyarmu ta san wayar kafin mu san masu ita.

Kada in yi ƙarya: Isingoma ya samu gadi,
ya rufa ɗakinsa da kwano, yana cewa hanya za ta zo,
asibiti ma, wataƙila.
Ni ma da kuɗin ƙirgen nan na sayi maganin tsohuwata.
Shi ya sa in an zauna zagin kamfani
nake sunkuyar da kai, ina wasa da ƙasa.

Gara ta cinye turakun, jan fentin ya bi ruwa.
Sai guda ɗaya.
Ashe da ɗanyen reshe aka fere shi,
ya sha damina, ya kama ƙasa, ya fitar da ganye biyar.

Jiya Nyakato ta kira ni ta kan shinge.
Ta nuna shi da sandarta, ba dariya a fuskarta:
An hana ni shuka, ban shuka ba.
Wannan su suka dasa, a gonata.
Ɗauko alƙalaminka, ɗana.
Na wa za ka rubuta shi?