Lahadin Zaɓe a Vale de Rolas

Ni ce mai riƙe da rajista.
An ajiye mana tebur a ajin da aka rufe
tun shekarar da yara suka ƙare a ƙauyen nan.
Taswirar Fotugal na nan a bango,
rana ta cinye kudancinta, daidai inda muke.

Sunaye ɗari huɗu da goma sha biyu.
Na san mai kowane suna, na san ƙofar gidansa.

Ƙarfe takwas Custódio ya shigo, shi ne na fari kullum,
sanye da kwat ɗin da ya yi aure a ciki,
karensa ya tsaya a bakin ƙofa, shi ba a yi masa rajista ba.
Shekara hamsin hannun nan na ɓare itace,
irin ɓawon da ake toshe bakin kwalba da shi,
yau alƙalami ma gardama yake yi masa.
Ya ce, "Ermelinda, na ga zamanin da ba a tambayar mu.
Ko a makara ne, a kawo ni."

Ƙauyen nan ja ne, kowa ya sani,
ja kamar ƙasar da kakanninmu suka nome wa wasu.
'Yan takara sun daina wahalar zuwa.
Na hagu sun ce kaza ce a akurki,
na dama sun ce asarar mai ce.
Fuskokinsu kawai suka aiko,
iska na marin su a tashar da bas ya daina tsayawa.

Da aka taso daga coci muka sami cincirindo:
mutum tara.

Rana ta take, daga ni sai ƙuda.
Na bi sunaye da yatsa kamar mai jan carbi.
Wannan yana Faransa yana ɗora bulo.
Wannan tana can tana jinyar tsofaffin wasu,
nata tsohon na nan yana jiran waya.
Wannan mun binne shi bara, takarda ce ba ta ji ba.
Zeferino kuwa ga shi tsallaken titi,
a shagon gahawa yana raba karta.
Na yafuto shi ta taga. Ya ɗaga mini kofi,
ya ce, "Duk kanwar ja ce."

Albertina mai burodi ta zo da gari a gwiwar hannu,
ta daɗe bayan labule fiye da yadda aka saba,
ta fita ba ta haɗa ido da kowa ba.

Ƙarfe bakwai muka juye akwati.
Ko tsibi bai yi ba. Ɗari da talatin da tara.
Ja ta ci, irin cin tsoho marar haƙora.
Dama ta tashi da talatin da ɗaya, wancan karo bakwai ne.
Muka yi tsit,
kowa na ƙirga maƙwabtansa a zuci.

Sai ga wata takarda, ba a zaɓi kowa a cikinta ba.
An rubuta a gefe da baƙaƙe masu rawa:
A dawo mana da likitan ranar Talata.
Shugaban tebur ya ce ta lalace, ya ture ta gefe.
Da hannuna na cike gurbin: lalatacciya, ɗaya.

Na san rubutun.
Shi ne a jikin kwalaben zaitun na gidanmu,
shi ne a bayan hotona na ranar da na fara makaranta.

Na tarar ta ɗumama miya, ta jingina sanda da murhu.
Ta ce, "An fito?"
Na ce, "An ɗan taɓa, Mama."
Ba ta tambayi wanda ya ci ba.
Ta ce, "Ana karanta kowace takarda?"
Na ce, "Ana karantawa."
Ta gyaɗa kai, ta gutsuro mini burodi.