Kanumfari

Ina ɗan shekara sha huɗu na fara bin motar Modi.
Albasa muke ɗaukowa daga Goronyo,
mu kwana Kwannawa, da asuba mu miƙi hanyar kudu.
Ni ke ɗaure tamfol, ni ke duba iskar taya,
ni ke riƙe masa buta,
ni kuma ke zuwa aiken da ba a faɗin sunansa.

"Tashi, Ɗan'iro, je bayan bariki,
ka ce wa matar nan Modi na gaisuwa."
Sai in dawo da gorar lemo cikin baƙar leda,
lemon da bai taɓa sanin itace ba.
Canjin nawa ne.
Da shi na sayi takalmin farko da na taka.

Kafin mu shiga gari yakan tauna kanumfari,
ƙwara uku, huɗu in akwai shinge a gaba.
Har yau in mai shayi ya jefa shi a tukunya
sai cikina ya juya.

Mutum ne, wallahi, muddin rana tana sama.
Shi ya kai uwata asibiti da tsakar dare
bai karɓi ko kuɗin mai ba.
Amma in duhu ya yi, wani ke sa rigarsa,
mai zagin birki, mai kuka kan sitiyari,
wanda ya mari ɗansa don ƙofa ta yi ƙara,
gari ya waye yana tambaya,
"Wa ya taɓa maka ido?"

A kwanar Dange muka kwanta da kaya.
Albasa ta bi kwalta da gudu
kamar yaran da aka tasa daga makaranta.
Jaki ya mutu, mai jakin ya bar ƙafa ɗaya a wurin.
Aka ce barci ne. Na ce barci ne.
Ni na wurga gorar cikin gero
kafin mutane su iso.

Yanzu yana gado na bakwai, ɗakin maza.
Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa,
ciki ya taso kamar randa,
hannun da ke juya babbar mota a lungun Kara
ya kasa kai cokalin koko baki.
Likita ta ce hanta ta gama, ta ce shekara nawa yana sha?
Na dubi silin, na ce ban sani ba.
Sha ɗaya ne.

A Mabera cewa ake shawara ce.
Gwaggonsa ta ce jifa ne daga abokan lodi,
ta zo da saiwa a ƙullin zane.
Maƙwabta suka zo dubiya, suka yi addu'a mai tsawo.
Kowa ya sani. To wa zai fara?
Mun iya rufa asiri a garin nan,
mun rufe shi ruf, ba ko kafar iska,
kamar albasar da aka manta ƙarƙashin tamfol a bazara.

Kulu ta sayar da keken ɗinkinta ranar Laraba.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Cewa ta yi, "Kai fa, ka ci wani abu?"

Jiya ya yafito ni da yatsa.
Na sunkuya, na ɗauka wasiyya ce.
Ya cusa mini ɗari biyar a tafi, ya ce a hankali,
"Je ka ce Modi na gaisuwa."

Na fita. Kwalta na tafasa, ko tsuntsu babu.
Na daɗe tsaye a bakin get.
Na sayi lemo, na gaske, mai ɓawo,
na dawo na ɓare masa.
Ya dube shi, ya dube ni,
ya juya fuska bango.

Canjin na nan a aljihuna.
Ban san wa zan ba shi ba.