Tarin Maigadi

Sau arba'in da uku maigadi na bakwai ya kashe ni yau,
a sito guda, a bayan akwati guda.
Aikina ke nan a Krakow, hawa na huɗu:
in mutu, in rubuta yadda na mutu, in sake shiga.

Na yi sanɗa kamar mage a kan rufin kwano,
na kashe fitila, na jira ya ba ni baya,
na ƙirga takunsa, tara zuwa ƙofa, tara ya dawo.
Duk a banza.
Ta cikin bango yake gani,
harsashinsa ɗaya ne, ba ya neman na biyu.
Kafin yatsana ya kai maɓalli, allo ya yi ja.

Na je teburin Ziemowit, wanda ya ƙera shi.
Ya ce, lissafi daidai yake, Bogumila,
wasan ɓuya ne, wanda aka gani ya mutu.
Na ja masa kujerata: ga fili, ga mai doki.
Sau shida ya faɗi.
A na bakwai ya zagi ɗan da ya haifa.

Washegari ya zare wa maigadin haƙora.
Na wuce ta gaban hancinsa kamar mai zuwa cefane,
yana ta harbina, ina ta binciken aljihun tebur,
gabana ko sau ɗaya bai faɗi ba.
Wannan ma na rubuta:
an binne tsoro, wasan ya bi shi kabari.

Da dare a taragon lantarki, ƙanƙara na sauka kan Nowa Huta,
na tuna babana.
Shekara ashirin da biyu yana gadin rumbun kwal.
Yaran unguwa kan kutso ta ƙarƙashin waya da bokiti
idan sanyi ya kai wuya.
Shi kuwa kafin ya sha kwana sai ya yi tari,
biyu, masu ƙarfi, alhali ƙirjinsa lafiya lau.
Mai wayo ya ranta a na kare.
Wanda ya tsaya cika bokiti
shi ake riƙe wa kunne har gaban uwarsa.

Da safe na ce wa Ziemowit,
mayar masa da harsashinsa, ɗaya tak kamar da.
Ka hana shi gani ta bango,
ka ba shi tari.
Daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin tari da juyowa.

Ya yi gunaguni, wai ina zai samo murya.
Muka kira tsoho Eustachy mai goge matakala,
ya yi mana tari goma sha ɗaya a makirufo,
muka ɗauki na huɗu.

Ƙarfe biyar na koma siton.
Na ji tarin.
Ga akwati, taku uku.
Ga makulli a kan tebur, taku biyu.
Na miƙa hannu ga makullin.

Allo ya yi ja.
Na buɗe takardar rahoto na daɗe ina kallonta,
shayina ya huce,
ban samu wanda zan kai ƙara ba.