Gadin Kwalta

Ƙarfe huɗu na yamma a Dundee, duhu har ya shimfiɗa tabarma,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Rahoton ɗakin gwaji yana jirana tun Litinin,
layi biyu na rubuta, na uku ya ƙi fitowa.
Na ce bari in leƙa waya, minti biyar kacal.
Ai kuwa.

Kwaɗo na fara gani, yana shawagi a iska,
ba fiffike, ba zare, ba boka a gefe.
Maganaɗisu ne ya ɗaga shi, yana juyi, yana harba ƙafa,
da fuskar wanda aka tasa daga barci aka ce ya yi jawabi.
Na tura wa Inna a Gusau.
Ta amsa da murya: "Tasalla, kallo ya koma sama!
Ashe gonar da muka sayar,
kwaɗi kuke ɗagawa da kuɗinta?"

Sai wata dabbar Ostareliya, gajeruwa, jiki kamar turmi,
kashinta da kusurwoyi, sak dunƙulen miya.
Manya masu digiri sun duƙa da ma'auni,
sun auna, sun rubuta, sun buga a mujalla.
Dariya ta kwace mini har shayi ya biyo hanci.
Wannan ban tura wa Inna ba,
na san lokacin tana gaban murhu.

Can ƙasan teku kuma, mai hannu takwas da zuciya uku
ta miƙa hannu ɗaya ta zabga wa kifi naushi.
Zuciya har uku,
an rasa guda da za ta ce a yi haƙuri.

Ina cikin ƙyaƙyatawa aka buga ƙofa.
Mista Fenwick ne, maƙwabcina, tsohon direban bas,
da silifas da rigar sanyi mai gwiwar hannu a huje.
Na zaci ƙorafi ya kawo.
Ya ce, "Bangon nan ba kauri. Me kika samu?"
Na nuna masa kwaɗon. Ya taɓe baki.
"Wasan yara. Zo ki ga nawa."

Falonsa ƙamshin gasasshen burodi yake.
A kan tebur, kwamfuta a buɗe,
cikinta mazurari, cikin mazurari baƙar kwalta,
ta zuro harshe ɗaya, ta tsaya.
Na ce, "Hoto ne?"
Ya ce, "Kai tsaye ne. Zuba take yi.
Tun kafin a haifi uwata aka ɗura ta,
ba ta kai ɗigo goma ba har yau."

Shekara shida ke nan yana gadi.
Da matarsa Isla suka fara, ita dare, shi safe.
Kujerarta na nan, ba ya ɗora komai a kai.
Na ce masa a garinmu ana cewa
mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo.
Ya yi shiru, ya sosa gemu,
ya ce, "A zafi nawa?"

Sannan ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara.
"Zan zaga banɗaki. Kada ki ƙifta."

To ga ni, 'yar Gusau mai digiri biyu,
a kujerar roba, gefen kujerar Isla,
na zura wa kwalta ido, hawaye na taruwa,
ina tsoron atishawa.
Bas ta wuce a ƙasa, gilashin taga ya girgiza.
Na rantse na ga ta motsa.

Ya dawo yana goge hannu a wando.
"Ta faɗi?"
Na ce, "Tukuna."
Ya ce, "Madalla," ya ɗora butar shayi, ya ciro kofi biyu.

Rahotona yana can, layi biyu.
Gobe in shugabana ya tambaya
zan ce masa zuba yake yi.