Raino a Gwangwani

Gwangwanin madara goma sha ɗaya,
na huda gindinsu da ƙusa,
na jera bakin tagata a Garin Malam.
Rairayi da takin tumaki, na tankaɗe kamar garin tuwo.

Irin tumatir daga Mirya ya zo,
ƙulle a bakin zanen Falmata.
Na salati a Kasuwar Dole na saya,
numfashi ma kan kwashe shi daga tafin hannu.

A waje ba zan shuka ba.
Kajin Malam Kanta ba su san haram ba.

Pampo ya kwana huɗu bai ce uffan ba.
Ruwan alwalata nake tarewa a kwano,
in yayyafa musu da yatsu,
kamar mai ba jariri magani.

Maigidana ya ce, "Zuwaira, da gwangwani kike hira?"
Ban tanka ba.

Rana ta shida, da asuba,
a gwangwani na uku daga hagu,
wani abu ya ɗago ƙasa da ƙeyarsa,
a lanƙwashe, ɓawon iri a kansa kamar hula.
Biyu har yau shiru. Ban zubar ba.

Sauran sun karkata wajen haske,
kullum sai na juya su.
In sun yi ganye huɗu, sai tsakar gida.
Yanzu shi ke tsayawa bakin ƙofa,
takalmi ɗaya a ƙafa:
"An ba su ruwa?"