Ƙusa a Bango

Na buga ƙusa a bangon falo
ranar da Sagir ya samu gurbi a Naraguta.
Na ce nan za a rataye takardarsa,
tsakanin kalandar masallaci da hoton mahaifina,
wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin kuza
bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Shekara uku yana zuwa yana dawowa.
Sai yajin aiki ya zo ya zauna
kamar baƙon da ya manta hanyar gidansu.
Wata takwas.
A cikinsu ne yaron ya sayo wata tsohuwar kwamfuta a Taminus,
fuskarta a tsage, baturinta sai da lallashi,
ya shige ɗaki da ita.

Ni mai gyaran rediyo ne a Dilimi,
shekara talatin da ɗaya.
Na san warin dalma in ta narke,
na san wayar da ta tsinke a ɓoye tana yi mini ƙarya.
Amma abin da yake rubutawa,
fari a kan baƙi, kamar tururuwa ta ja sahu,
ban gane kansa ba balle gindinsa.
Na tambaye shi. Ya ce, Baba, gyara ne irin naka,
sai dai nawa ba ya ƙona yatsa.

Da aka buɗe makaranta bai koma ba.
Kwana arba'in ina amsa gaisuwarsa da ka.
Uwarsa ce ke kai magana tana kawowa,
tana rage mata zafi a hanya.

Yanzu yana aiki da mutanen da bai taɓa gani ba,
masu hantsi a lokacin barcinmu.
Ƙarfe biyun dare, sanyin Jos na cizon ƙashi,
yana cikin bargo da hular ulu
yana Turanci ƙasa-ƙasa don kada ya tashe mu.
Kuɗin asibitin uwarsa daga ɗakin nan suka fito.
Kwanon da ya daina yoyo ma haka.
Ba su ce masa ina takarda ba.
Cewa suka yi, nuna abin da ka gina.

Amma bara ya je Abuja neman aikin gwamnati.
Ya dawo a motar ƙarshe, bai taɓa tuwonsa ba.
Wata mata a bayan tebur
ta ɗora biro a kan layin da ya bari fayau,
ta ce na gaba ya matso.
Ko jakarsa bai buɗe ba.
Abokinsa Davou, da ya daure ya gama, shi aka ɗauka.
Kuma har gobe in aiki ya cije wa Davou
wayar Sagir ce ke ƙara.

To, ni wa zan ba gaskiya?
Jiya ƙanwarsa Mansura ta kawo takardar neman jami'a,
na sa hannu ban yi wa'azi ba.
Ita ma da dare na gan ta gefen yayanta
tana bin tururuwar da yatsa.

Ƙusar tana nan.
Ta ɗan yi tsatsa.
Na sha ɗauko filaya in cire ta, sai in fasa.
Shekaranjiya na dawo daga shago
na tarar ya rataye cajarsa a kai.

Ban ce ya sauke ba.